Dan Allah me za mu kira "proof set" da Hausa?

Salam jama'a. Masu Hausa a baki ku matso kusa dan Allah, wata kalma ce ta tsaya min a wuya tun jiya. So nake in rubuta bayani kan ƙorafin da masu tara sulalla a Amurka ke yi game da tsadar abin nan da suke kira proof set, wanda gwamnatinsu ke bugawa tana sayar musu, sai na ga ko layin farko ya gagara don ban san sunan da zan ba shi ba. Na ga wani ya fassara shi da "saitin hujja", wallahi abin nan babu ruwansa da hujja ko shaida.

Bari in faɗi yadda abin yake tukuna, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu ga fuskarsa ba. Gidan buga kuɗi na Amurka, wanda aka kafa a Filadelfiya tun 1792, ban da sulallan da yake bugawa a kashe a kasuwa, duk shekara yana buga wasu na musamman ɗauke da lambar wannan shekarar, ya jera su cikin roba mai garai-garai ya liƙe ya sayar wa mai so. Hoto iri ɗaya da na kasuwa, darajar da aka rubuta a jiki ita ma ɗaya. A wajen aiki bambancin yake: faifan ƙarfen sai an goge shi ya yi ƙyalli kafin a buga, hatimin da za a buga da shi shi ma an goge shi, sannan a danna da ƙarfi sau biyu ko fiye, sai ka ga filin bayan hoton ya fito kamar madubi har kana ganin fuskarka, shi kuma hoton ya yi dishi-dishi kamar an barbaɗa masa gari. Ba a taɓa su da tsurar hannu sai da safa. Tun 1968 a reshen gidan da ke San Faransisko ake buga su, shi ya sa za ka ga ɗan ƙaramin harafin S a jiki.

Toh ga inda rigimar take. A 1936 dala 1.81 ake sayar da shi, sulalla 5 ne a ciki da darajarsu ta kama santi 91. A 2020 sulalla 10 ne, in ka haɗa abin da aka rubuta a jikinsu dala 2.91 ne kacal, amma dala 32 ake sayarwa. Akwai kuma na azurfa, shi ne ma ya fi ta da ƙura, don a watan Oktoba na 2020 aka ɗaga shi daga dala 63.25 zuwa dala 105 a tashi ɗaya, ƙarin kusan kashi 66 cikin 100 kenan. Gaskiya ne azurfa ta yi tsada a shekarar, daga wajen dala 12 kowace oza a watan Maris ta kusa taɓa dala 29 a Agusta, kuma gidan ba da kuɗin haraji ake tafiyar da shi ba, da abin da ya samu yake riƙe kansa. Amma su masu saye suka zauna suka yi lissafi, azurfar da ke ciki kusan oza ɗaya da rabi ce, ko dala 40 ba ta kai ba a lokacin, suka ce to sauran kuɗin na mene ne? Wasu suka janye sunansu daga tsarin nan da ake turo maka kai tsaye duk shekara, wasu suka ce za su jira su saya a hannun 'yan kasuwa don sun ga yadda na shekarun 1970 da 1980 suka zube ana sayar da su da arha, wasu kuma abin da ya dame su shi ne yara da masu ƙaramin ƙarfi ba za su iya shiga harkar ba, alhali dama masu yinta tsufa suke. Kuma ba a tsaya nan ba an ci gaba da ƙari bayan haka.

Wannan duka nake so in faɗa da Hausa ba tare da mai karatu ya ɗauka mahaukata nake ba shi labari ba. Don in na ce "suna sayen kuɗi" an gama, kowa zai ce wane ne zai ba da dala 32 ya karɓi dala 3 saura? Ina jiran ku.

Madalla, na ga amsoshi sun fara shigowa, na gode ƙwarai. Bari in bi su.

Malam da ka ce "kuɗin ado", Allah ya ƙara sani, ya yi daɗi a baki kam amma ina tsoron za a ɗauka na jabu ne ko irin na wasan yara, alhali waɗannan halastaccen kuɗi ne, in ka fasa robar ka kai kanti za a karɓa, asara ce dai kawai ka yi. "Tsaba" ma da wani ya kawo ba za ta yi ba, tsabar kuɗi yanzu ta koma nufin kuɗi a hannu ko da takarda ce. Kwandala kuma a kunnena guda ɗaya ce babba irin ta naira 1. Ni dai sulalla na fi natsuwa da ita, asalinta sule ne wato shilin ɗin Ingila, bayan an kawo naira a 1973 sule ya koma kwabo 10, yau kuma duk wani kuɗin ƙarfe sulalla muke ce masa. Kalmar ta riga ta yi tafiyarta ta zauna, ba sai mun tilasta mata ba.

Ɗan'uwa na Damagaram, na ji ka, ka ce a wajenku dala na nufin tamma 5 ta sefa saboda haka "dala 105" zai rikita ku. Gaskiyarka, zan rubuta dalar Amurka a farkon bayanin. Kuma ka tuna min da wani abu, ita dala ɗin tamu ta asali ai ta Mariya Tariza ce ta ƙasar Ostiriya, wadda har yau in an buga ta 1780 ake rubutawa a jiki, kakanninmu sun ajiye ta, maƙeran fari sun narka ta sun yi wa mata awarwaro da zobe. Kenan sule ya fi abin da aka rubuta a jikinsa daraja ba baƙon abu ba ne wajen Bahaushe. Ni kaina akwai anini mai huda da taro da sisi na kakana a cikin wani gwangwani, ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba.

Yanzu ita kalmar proof ɗin. Yaya da ka ce "zubin madubi", rabin maganarka na ɗauka hannu biyu, madubin nan shi ne daidai, shi ne abin da ido ke fara gani. Amma zubi a wajen maƙera narka ƙarfe ne a zuba a mazubi, su kuwa waɗannan ba zuba su ake ba, buga su ake da hatimi, kuma yawan bugun ne ma ya sa suka bambanta da na kasuwa. Dama muna cewa buga kuɗi, muna cewa bugun Kano bugun Zariya a littafi. Sai na ce me zai hana BUGUN MADUBI? Ku faɗa a baki ku ji, sulallan bugun madubi, na azurfa kuma bugun madubi na azurfa. Bai yi tsawo ba kuma wanda bai taɓa gani ba zai iya hasko shi a ransa.

Hajiya, ranki ya daɗe, wallahi ke kika warware min abin da ya fi damuna ban ma san shi ne ke damuna ba. Ta ce wai mu maza muna ta wahala, abin da aka saya da tsada ba don a yi amfani da shi ba sai don a tsara shi a bi da bi a riƙa kallo ana gogewa, ai sunansa jere. Haka ne! Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga kwanuka da tangaran a kabad ya san ba a cin tuwo a cikinsu, kuma ba wanda ke cewa uwar amarya ta yi wauta don ta saya. Ya kuma san in guda ɗaya ya ɓace a tsakiya duk jeren ya lalace, idonka wajen giɓin nan zai riƙa zuwa. To wannan shi ne ainihin abin da ke ci wa mutanen nan rai. Mutum ne ya fara saye tun yana saurayi, ko ya gaji na mahaifinsa ya ɗora, shekara 30 ko 40 babu wadda ya tsallake, wani ma duk shekarar da aka haifa masa jika sai ya saya ya ajiye masa, rana ɗaya a ce masa farashi ya ƙaru da fiye da rabi. In ya saya ya ji an matse shi don an san ba zai so ya bar giɓi ba, in ya bari jeren da ya yi rabin rayuwarsa yana yi ya yanke. Kuma babu wani kanti da zai koma, gida ɗaya ne tak ke buga su. Ni ina ganin suna da gaskiya a fushinsu, tsadar azurfa ta bayyana wani ɓangare na ƙarin amma ba ta bayyana duka ba, kuma a 1981 sama da saiti miliyan 4 aka sayar, yanzu ko kusa ba a kaiwa, in masu saye suna raguwa kai kuma kana ƙara wa waɗanda suka rage kuɗi ai korar su kake.

Malam ya dawo ya ce to ina za mu kai "saiti" tunda kowa ya san saitin akwati da saitin kujeru, kuma jere kalmar mata ce maza ba za su so a ce suna jere ba. Malam ina ganin ba sai ɗaya ta kori ɗaya ba, aikinsu daban. Fakitin shekara guda shi ne saiti, in aka tara na shekaru aka tsara shi ne jere. Maganar kalmar mata kuwa ban yarda ta zama dalili ba, su suka riga mu sanin abin shi ya sa kalmar take hannunsu. Kuma ta fi "mai tara kuɗi" nesa ba kusa ba, don wannan da ka faɗa attajiri za a ɗauka ko marowaci.

Ga yadda zan rubuta layin farkon kenan: "Masu jeren sulalla a Amurka sun koka kan ƙarin kuɗin saitin bugun madubi da gidan buga kuɗin ƙasar ya yi." Na karanta wa ƙanwata da ba ta san komai kan harkar ba, tambaya ɗaya ta yi, wai madubin a jikin sulen yake? Na ce eh, ta ce ta gane.

Saura guda ɗaya. Akwai wani saitin da suke sayarwa tun 1947, shi ba bugun madubi ba ne, sulalla ne irin na kasuwa daga Filadelfiya da Denba amma waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba, shi ma an ƙara masa kuɗi. Na rubuta "saitin sabon bugu" na ajiye, wani ya ce "sabo dal" ya fi. Hajiya, Malam, wanne za mu ɗauka?