Yaya ake gane gamba, kuma me ke hana irinta tsirowa?

Sabon Makiyayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ta yaya ake bambance gamba da sauran dogayen ciyayi tun kafin ta fitar da kai? Sannan wanda zai shuka ta a hekta ɗaya saboda shanu, iri ya fi masa ko dashe? Ana ta cewa irinta ba ya tsirowa.

Mai Lauje:
Wa alaikumus salam. Ganyen za ka duba, Malam. Na gamba yana da farar jijiya mai kauri a tsakiya, da gashi mai laushi, kuma can wajen gindi yakan tsuke har ya kusa zama jijiyar kaɗai. Tana fitowa dunƙule a tushe ɗaya, ba ta yaɗo a ƙarƙashin ƙasa irin na tofa. Wadda ake yawan rikita ta da ita tsaure ce, to murje ganyen ka shinshina: tsaure na da ƙanshi, gamba ba ta da shi. Idan damina ta ja baya sai karanta ya miƙe, yakan kai mita 3 zuwa 4, ya fitar da kai bibbiyu a ware kamar yatsu biyu, duk gashi. Sunanta na kimiyya Andropogon gayanus.

Malamin Gona:
Irin yana tsirowa, sai dai an fi kashe shi wajen shuka. Wanda aka tsinko yanzu ba ya tashi da kyau, yana bukatar ya huta kamar wata 6 a busasshen wuri, wato na kakar bana sai damina mai zuwa. Kuma abin da ake gani cike da buhu yawancinsa gashi ne da ƙaiƙayi. Shi ya sa tsabtataccen iri kilo 5 ya ishi hekta, amma wanda ba a gyara ba sai an ninka shi sau da yawa.

Babbar ɓarnar ita ce zurfi. Kada ya wuce santimita 1 zuwa 2. In an binne shi kamar masara, ya tafi ke nan. In kuma an yafa shi a sarari an tafi, iska da tururuwa za su kwashe. A gauraya shi da yashi mai ɗan laima don ya rabu, a zuba a layi, a rufe sama-sama, a tattake. A jira ruwa ya zauna tukuna. Tsironta na da nawa sosai, saboda haka wanda bai yi mata noma ba a makonni 6 na farko, kyasuwa da 'yan'uwanta za su shaƙe ta.

A ƙaramin fili ni dashe nake ba da shawara. A haƙo tsohon tushe, a raba shi kashi-kashi, kowanne da saiwa da toho 3 ko 4, a datse ganyen, a dasa da tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya ranar da ƙasa ta jiƙu. A guji wurin da ruwa ke daɗewa kwance.

Sabon Makiyayi:
Allah ya saka da alheri. Yaushe za a fara sakin dabbobi a ciki?

Mai Lauje:
Shekarar farko a bar ta ta kafa saiwa, in ya so a yi yanka ɗaya mara tsanani a ƙarshen damina. Saniya na iya tumɓuke sabon tushe gaba ɗaya. Daga shekara ta biyu a riƙa yanka duk bayan mako 6, a bar kamar tsawon taƙi ɗaya na hannu a kan tushen. Kuma kada tsayinta ya ruɗe ka. Tana ɗanya furotin ɗinta na kai kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, da ta yi kara ta yi fure sai ya faɗi ƙasa da 5, shanu su tsinci ganye su bar maka itace. Ingiricin kirki kafin fure ake yankansa.

A kuma share hanyar wuta kewaye da filin kafin rani. Ita gambar za ta sake toho bayan gobara, amma busasshen karanta na ci da zafi ƙwarai, wanda shi ya sa a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta don kiwo, yanzu yaƙar ta ake yi.