Ku Dubi Bakin Ƙofa: Musayar Waƙa Kan Kashin Farko na Friends

Malam na Ƙofar Doka:

Salamu alaikum. Yau za mu koma zango na 1, kashi na 1 na wasan barkwancin nan na Amurka, Friends, mu ga yadda aka shigo da mutanensa. Na ɗauki amsa-amon "wa", mai amsawa ya zaɓi nasa.

Bismillahi, na buɗe zauren nan,
Kashin farko muke son komawa.

22 ga Satumba, 1994,
Tashar NBC ta fara nunawa.

Minti 22, mutum shida,
Ba wanda aka tsaya yi wa gabatarwa.

Ga yadda ake bitar, ku riƙe:
Kallo uku ne, ba na shaƙatawa.

Na ɗaya, kashe sauti ɗungurungum,
Ka dubi zama da tashi da tsayuwa.

Na biyu, ga biro ga takarda,
Kalmar farkon kowa kake rubutawa.

Na uku, idonka na kan agogo,
A minti na nawa wane ke shigowa.

Da an buɗe, huɗu na zaune a shagon kofi,
Hira ta yi nisa, ba a jiran kowa.

Monika na musu, wai wanda za ta fita da shi ba saurayi ba ne,
Jowi da Candila na ta matsawa.

Fibi ta tambaya ko yana cin alli,
Tun nan ka san akwai 'yar karkacewa.

Yaya ta Tudun Wada:

Malam, ka bar babban abu a baya,
Ka ƙirga huɗu ka tsaya a hanya,
Biyun da suka rage su ke jan tafiya,
Kuma duka biyun sun biyo ta ƙofa.

Ros ya shigo da lema, fuska a murtuke,
Gaisuwarsa kalma ɗaya, murya a shaƙe,
Mata ta kwashe kaya, aure ya tsinke,
Tun bai zauna ba, halinsa marubuci ya kafa.

Ya furta cewa shi burinsa aure,
Sai ga Recal da rigar amare,
A jiƙe, a firgice, daga biki ta tsere,
Daɗin yana ga gaɓar da aka jefa.

Candila ya ga roƙo na karɓuwa,
Ba a ce mai ba'a ne ba, sai gwadawa:
Ya nemi dala miliyan, yana nunawa,
Ko ita ma za ta faɗo ta ƙofa.

Da Ros ya tashi don ya gaishe ta,
Lemarsa ta buɗe tsakaninsa da ita,
Zango goma na jan ƙafa nan aka taƙaita,
Lema ta tona abin da baki ya rufa.

Kawu na Samaru:

'Yata, kin gano ƙofar, madalla,
Saura dalilin da ya sa ake kawo baƙo.

Mutum biyar da suka saba da juna
Ba sa faɗin sunayensu daga farko.

In marubuci ya tilasta musu,
Hira ta mutu, ta koma isar da saƙo.

Ka ji ƙanwa na gaya wa wanta shi wanta ne,
Ginin irin wannan ba ya yin ƙarko.

Baƙo ko da ido makaho ne,
Ana jan hannunsa, mu muna leƙo.

Da numfashi ɗaya Monika ta jera mata sunaye,
Ta ce ko ta tuna wanta Ros, zumunci ma mun ɗauko.

Haka a Fresh Prince, 1990,
Wil daga Filadalfiya ya zo, shi ma baƙo,

Ya rungume mai hidima, ya zaci mai gidan ne,
Kuskure ɗaya: cikin agwagi ga tsako.

Gwaggo ta Kwarbai:

Alhaji, baƙo magani ne, na yarda,
Amma yana da cutar da ke son gyara.

In aikinsa tambaya kawai, an kashe shi,
Ya zama ɗan jarida mai neman hira.

Dole a ɗora masa tasa damuwar:
Recal ba ta taɓa aiki ba, ko na shara.

Uban na kan waya, tana kare kanta,
Su kuma sun baza kunne daga kujera.

Daga baya ga almakashi, ga katunan bankin uba,
Ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, ba saura.

Shigo da mutum ke nan a wurina:
Me yake so, da nauyin da aka ɗora.

Cuta ta biyu, a ba mutum riga a ce hali ne,
Mind Your Language da ita ta fara.

Landan, 1977, ajin koyon Turanci,
Kowane ɗalibi da ƙasarsa aka jera.

Karin harshe da tufa, shi ke nan halinsa,
Minti ɗaya ka gane shi, to me za a ƙara?

An sha dariya a gidajenmu, ba a musu,
Amma 1979 aka tsayar, saboda wannan dabara.

Auta na Sabon Gari:

Iyayena, ga tambaya daga ɗanku:

Lambar ƙofar Monika 5 ce, ku duba ta,
Gaba kaɗan ta koma 20, wa ya sauya ta?
Jowi ma da jaket ɗin fata, ido a buɗe, ba wauta,
Can gaba wautar ta yi yawa, wa ya ƙara ta?

Malam na Ƙofar Doka:

Ƙanena, kashin farko na gwaji ne,
Ɗanɗanon gishiri kafin a sauke miya.

Ana ɗaukarsa tun tasha ba ta sayi zango ba,
Ga 'yan kallo zaune, ana auna dariya.

Inda suka fashe, marubuta su ƙara itace,
Inda suka yi tsit, a sake hanya.

Ruɗewar Jowi ta fi wayonsa kawo shewa,
Sai aka riƙa ƙara mata kaya.

Lamba 5 ta ɗakin ƙasa ce a irin ginin,
Su kuwa suna sama, 20 ta fi kusa da gaskiya.

Jowi da Monika aka so haɗawa tun asali,
Da aka ga 'yan wasan a fili, aka juya.

Wasan Seinfeld ya fi haka: a kashinsa na farko, 1989,
Babu Ilen ko kaɗan cikin tafiya.

Maƙwabcin nan Kirema, Kesla ake kiransa,
Daga baya NBC ta ce sai an ƙara mace ɗaya.

To ga kallo na huɗu: kwatanta da kashi na 10,
Abin da ya tsira shi ne hali, sauran kwalliya.

Kawu na Samaru:

Kun daɗe a Niyok. Ku dawo gida tukuna, 'ya'yana.

Kada ku ƙetare teku ku manta Kaduna,
Mu ma muna da Samanja mazan fama.

Marigayi Usman Baba Pategi, Samanjan, tsohon soja ne,
A rediyo ya fara, inda ba fuska, ba alama.

Can murya ce ƙofar: tsawa, Hausar bariki,
Buroka a tsakiya, ka gane shi ka gama.

Da wasan ya hau talabijin,
Kaki da gashin baki ke yi masa sallama.

Marigayi Kasimu Yero, namu na Zariya, a Karambana,
Sunan kawai ya gaya maka da wa kake fama.

Ga yaranmu masu ɗaukar wasa don YouTube,
Ku sami wuri ɗaya da jama'a ke zama.

Teburin mai shayi ya isa, benci biyu,
Mashiga ɗaya tak, wadda kamara ta kama.

Huɗu a zaune, a tsinci hirarsu a tsakiya,
Na biyar ya zo da damuwa, na shida da rigima.

Kowa ya yi abu ɗaya da waninsa ba zai yi ba,
Kafin minti 5 a san abin da yake nema.

Sannan a rufe sunaye a takarda, a karanta,
In ba a gane mai magana ba, a yaga shafin, a koma.

Yaya ta Tudun Wada:

Kawu, a kuma duba inda aka tsaya,
Ƙarshen kashin ke biyan bashin baya:
Da safe Recal ta haɗa kofi, na farkonta a duniya,
Samarin suka juye wa fure, asirinta suka rufa.

Fitowar ƙarshe, shagon da aka fara,
Ga ta da buta, ta sami aiki, tana bin kujera,
Ba wanda ya miƙa hannu, kowa ya saurara,
Sai da suka ji cewa wani ne ya dafa.