Koya wa yara zane da aikin hannun wasu ƙasashe: wa ya taɓa gwadawa?

Malamar aji huɗu, Zariya

Assalamu alaikum. A bana an ɗora mini darasin al'adu da fasaha. Ajin a cike yake maƙil, ba fenti, ba burushi, duk abin da za a saya kuma daga albashina zai fito. Abin da na tarar ana yi shi ne malami ya zana mangwaro ko kofin shayi a allo, yara su kwafa, a raba maki. Wallahi na gaji da mangwaron nan. Ina tunanin kowane wata in ɗauko aikin gargajiya na wata ƙasa mu yi tare. Wanda ya taɓa yi da 'ya'yansa ko ɗalibansa ya taimaka mini: me kuka yi, da wane kaya, kuma yaya iyaye suka karɓe shi?

Baban 'yan biyu, Zangon Kumasi

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da hatimi, ya fi sauƙi ga aji mai yawa. Mu nan muna ganin adinkra na Asante. A Ntonso, kan hanyar Mampong, sakaina ake sassaƙawa a fitar da alama, a kafa mata tsinkaye ta baya su zama mariƙi. Tawadar kuma ɓawon wata bishiya ce da suke kira badie, a jiƙa, a daka, a yi ta dafawa har ruwan ya yi kauri ya yi baƙi. Sai a ja layuka a kan yadin da wani abu mai haƙora irin na mataji, a raba shi gida-gida, kowane gida a cika shi da alama ɗaya.

Ni ban ba yara wuƙa ba. Na raba dankali biyu, su suka zana alamar da biro, ni na sassaƙa. Tawadarmu bula ce da ɗan sitati. Namijin ya nace sai harafin farko na sunansa, da ya buga sai ya fito a juye. Ya yi fushi ya gama, can ya gano da kansa cewa a baibai ake zana shi. Ki yanka dankalin ranar da za a yi aikin, in ya kwana yaushi yake yi.

Mushe, Damagaram

Malama, ni dai kar ki tsallaka teku tukuna. Na fara kai 'yan lakwal ɗina cikin Birni, na ce kowa ya zaɓi gida ɗaya ya kwafi adon da magina suka yi a saman ƙofar zaure. Yaran nan kullum ta nan suke wucewa, amma ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Sati na gaba na nuna musu gidajen Ndebele na Afirka ta Kudu a wayata, da aikin Esther Mahlangu, dattijuwar da aka haifa a 1935, mai zane da gashin kaza ba tare da rula ba, wadda kamfanin BMW ya ba mota ta yi mata ado a 1991. Ban yi bayani ba. Wata yarinya ce ta ce, "Mushe, nasu a miƙe yake an kewaye shi da baƙi, namu kuwa naɗewa yake yana shiga cikin kansa." Da ban kai su Birni ba, iyakarta ta ce hoton ya yi kyau.

Muka yi wa katangar bayan aji ado da farar ƙasa, jar ƙasa da dakakken gawayi da aka kwaɓa da ƙaro, gashin kaza kowa ya zo da nasa. Damina ta wanke shi tas. Yara suka ji haushi, na ce musu matan Kasena na Tiébélé a Burkina Faso su ma sabunta adon bangonsu suke yi in ya dushe. Ku a Zariya ai ba ku da uzuri, ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ga aikin Babban Gwani, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Uwargida, Kaduna

Ni a gida na yi, lokacin hutu. Muna da maƙwabciya 'yar Indiya daga Tamil Nadu. Da sassafe takan share ƙofar gidanta ta yayyafa ruwa, ta jera ɗigo-ɗigo da garin shinkafa, sannan ta ja layi yana kewaye ɗigon ba ya taɓa su har ya koma inda ya faro. Kolam suke ce masa. Abin ya shiga ran 'yan matana, ita kuma ta koya musu. Ta ce garin rabon tururuwa ne da tsuntsaye, shi ya sa ba ta damuwa in an taka.

Ran nan maigida ya dawo ya tarar da shi a ƙofarmu. Da ya bincika ya ji cewa a wurinsu yana da alaƙa da bauta, ana yin sa don maraba da abar bautarsu Lakshmi, sai ya ce a share. Ban ja da shi ba, yana da gaskiya. Amma ban hana su wasan ɗigon ba, suka koma yi a takarda da kan rairayi a tsakar gida. Na ɗauko musu wata rigar babansu mai aikin dagi, suka bi zaren da yatsa, suka ga shi ma haka yake tafiya, ya bi ta sama ya bi ta ƙasa ba ya yankewa. Malama, ki binciki ma'anar abu kafin yara su kwashe shi zuwa gidajensu.

Malamin Islamiyya, Kano

Hajiya ta faɗi gaskiya. Wani abin da za ki haɗu da shi kuma shi ne zanen abu mai rai, akwai iyayen da za su tako har makaranta a kansa. Zayyana ba ta da wannan rigimar. Ni masu shirin sauka nake sa wa su gwada zayyanar allonsu a takarda, na kuma haɗa musu da tsarin adon masallatai da madarasun Fas a Maroko, inda ake sare ƙananan tayil da guduma a jera su.

Ƙusa da zare sun isa. Ki kafa ƙusa a ƙasa, ki ɗaura zare da tsinke a bakinsa, ki ja da'ira. Kar ki canza tsawon zaren. Ki mayar da ƙusar bakin da'irar ki ja wata, ki matsa inda suka haɗu ki sake ja. A ta shida cikin waɗanda kika ja daga bakin da'irar farko za ki ga fure mai ganye shida a tsakiya, kin kuma dawo inda kika fara. Yara ba sa yarda a karon farko, sai sun tsawaita zaren su ga ko zai canza. Tauraro mai kusurwa takwas kuwa murabba'i biyu ne, ɗaya a kan ɗaya a karkace. In za ki yi ja, nemi karan dafi. Zoɓo yana da kyau a kofi, amma a takarda dushewa yake in ya bushe.

Tsohuwar shugabar makaranta, Katsina

'Yata, wanda na fi jin daɗinsa a zamanin da nake aiki shi ne bogolan na Bambara a Mali, don kayansa duka a bayan gari suke. Ganyen da suke dafawa su tsoma yadi ya koma rawaya ba wani baƙo ba ne, marke ne. In yadin ya bushe sai a zana laka a kai. Ƙarfen da ke cikin lakar ne yake haɗuwa da ruwan marken ya koma baƙi, don haka ko an wanke lakar zanen yana nan. Wannan shi ne abin da ke ɗaure wa yara kai: su wanke da hannunsu, su ga ƙasa ta tafi amma alama ta zauna.

Su can sukan ajiye lakar kogi a tukunya ta yi watanni tana ruɓa. Mu da ba mu da wannan haƙurin, lakar kududdufi muka ɗebo, sai ta fito ruwan ƙasa. Malamin kimiyyarmu ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa ya kwaɓa lakar da ruwansu, ta yi duhu. Sai an maimaita shafawa sau biyu ko uku. Yadin ya zama na auduga zalla, irin alawayyo, mai roba ba ya kamawa. Kuma don Allah ki ce kowa ya zo da tsohuwar riga. Shekarar farko iyaye mata sai da suka yi mini sallama a ofis da fararen yunifom a hannu.

Ɗalibar sashen zane, Zariya

Anti, ƙari kan maganar Hajiyar Kaduna, ba ta fuskar addininmu kaɗai abin yake ba. Zanen ɗigo na 'yan asalin Ostireliya, wanda ya bazu daga ƙauyen Papunya tun 1971, wasu alamominsa mallakin dangi ne, akwai waɗanda ba a nuna wa bare, kuma masu shi ba sa son a kwafa. Da muka je koyarwar gwaji, salon ɗigon kawai na ɗauka, da tsinken tsintsiya, na ce kowane yaro ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta kamar daga sama yake kallo. Kuma ki riƙa faɗa musu sunan mutanen, Asante ko Ndebele ko Bambara, kar a tsaya a "zanen Afirka".

Naɗin takarda na Japan kuma ki yi hattara da shi a babban aji, in yaro ya kuskure ninki ɗaya sauran duk sun lalace. Ki koya wa mutum ɗaya a kowane benci tukuna.

Malamar aji huɗu, Zariya

Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun yi hatimin dankali ranar Alhamis a kan kwalayen da na roƙo a shagon unguwa. Har yaran da ba sa magana a aji sai da suka yi rigima kan layi. Da'irar Malam ce ta gaba, in an shiga rani kuma mu nemi marke. Matsalata yanzu maki. Ana son lamba a rajista, ni kuma ban san yadda zan ce wannan ya ci takwas wancan biyar ba.

Tsohuwar shugabar makaranta, Katsina

Kar ki ba da maki kan kyau, 'yata, 'ya'yan teloli da masu lalle za su cinye. Ki raba goman uku: huɗu ga wanda ya gama aikinsa, uku ga wanda ya iya faɗin mutanen da aka aro aikin daga wurinsu da kayan da suke yi da shi, uku ga wanda ya nuna miki abin da ya canza ko ya ƙara na kansa. Kwalayen kuma ki rubuta suna da kwanan wata a bayansu ki ɗaure da zare, mai duba makarantu zai tambaya.