'Yata ta kasa juya jimlar Turanci: malamin gida ko lesin taro?

Uwar 'yan biyu: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji shida na sakandare a nan Bauchi, jarrabawar WAEC ta ƙarato. Juya jimla daga active zuwa passive ne ya gagare ta. "Musa ate the food" tana iya mayar da ita "The food was eaten by Musa", amma da an ce "is eating" ko "has eaten" sai ta rikice. In babu kiredit a Turanci, ai babu maganar shiga jami'ar ATBU. Kuɗin abu ɗaya gare ni, kuma ba ta da waya. In ɗauko malamin gida ko in kai ta lesin taro?

Ɗan Wunti: Hajiya, ta duba YouTube kawai, kyauta ne.

Uwar 'yan biyu: Na ce ba ta da waya, ɗana.

Baban Yelwa: Kada ki ɗauki malamin gida, ni na ga tasku. Dubu ashirin nake biyan wani duk wata, har da abincin dare. Ranar da na buɗe littafin yarona na tarar ya sa shi juya "He slept". Ni da ban yi zurfi a boko ba na san wannan ba ta juyuwa, don babu abin da aikin ya faɗa wa. Da na yi magana ya ce raini ne, ya tafi da kuɗin wata guda. Yaro ya fito da D7, bai samu kiredit ba, yanzu yana zaman shago, abokansa suna jami'a.

Malamar sakandare, Gombe: Dubu ashirin? A Pantami nan Gombe dubu takwas ne. Yaya, matsalar 'yarki ƙarama ce. Ta haddace siffa ta uku ta aikatau: eat, ate, eaten. Sannan "is eating" tana komawa "is being eaten", "has eaten" kuma "has been eaten". Ta riƙa juya jimla goma kullum, ki samu mai duba mata.

Baban Yelwa: Dubu takwas a ina? Ko kuɗin acaɓa ba su kai ba. Kuma ku malamai ai naku za ku kare.

Malamar sakandare, Gombe: Baba, aikina ke nan kullum. Malami ɗaya kawai ka gwada.

Ɗan Wunti: Ta zo kwamitin masallacin unguwarmu ta koyi passive. "An kashe kuɗin", "an yi kuskure", ba ka taɓa jin wanda ya yi!

Mai ɗinki a Jekadafari: Ni abin da ke ci mini rai, me ya sa sai an biya lesin? A makarantar ƙanwata malamin ba ya gama darasi a aji, sai ya ce a same shi da yamma da ɗari biyar.

Baban Yelwa: Kin faɗi gaskiya. Mu ma har kuɗin alli aka karɓa, allin ba mu gani ba.

Uwar 'yan biyu: To jama'a, wanne zan ɗauka ke nan?