Shin jefa ƙuri'a a Littafi Mai Tsarki ya halatta cacar ƙwallo?

Shugaban matasa, Kafanchan:

Iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangiji. Ni ne nake jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar matasa ta ikkilisiyarmu, kuma a makon jiya aka yi mini tambayar da na kasa ba ta amsa mai gamsarwa. Da yawa cikin samarinmu suna buga cacar ƙwallo a waya, musamman a ƙarshen mako lokacin wasannin gasar Firimiya ta Ingila. Da na ce wannan bai dace da mai bi ba, sai wani ɗan'uwa mai ƙwazon karatu ya nemi in nuna masa aya guda da ta ambaci caca da sunanta ta kuma hana ta. Ya ce manzanni da kansu sun jefa ƙuri'a suka zaɓi Matiyas ya maye gurbin Yahuza Iskariyoti, kuma Karin Magana 16:33 ta nuna cewa sakamakon ƙuri'a daga wurin Ubangiji yake. Ya ƙara da cewa duk ranar da ya ci, yakan fitar da zakka. Zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba, amma ba na son in matsa wa aya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Ina roƙon ku taimake ni.

Fasto mai ritaya, Jos:

Ɗana, abu na farko shi ne ka amsa masa da gaskiya cewa babu ayar da ta kira caca da suna, domin idan ka ƙirƙiro ta, zai gane, kuma ba zai ƙara amincewa da koyarwarka ba. Bayan haka sai ku zauna tare ku bi wuraren da aka jefa ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. A Littafin Firistoci 16, Haruna ya jefa ta a kan bunsuru biyu a Ranar Kafara. A Joshuwa 18:10, an jefa ta a Shilo a gaban Ubangiji domin raba ƙasa ga kabilu bakwai da suka rage. A Luka 1:9, ita ce ta faɗa a kan Zakariya ya shiga Haikali ya ƙona turare. A duk waɗannan babu wanda ya ajiye kuɗinsa yana fatan ya kwashe na ɗan'uwansa. Mutane ne suka tsaya a gaban shawarar da ta fi ƙarfinsu, suka janye son ransu, suka bar wa Allah zaɓi. Shi ya sa Karin Magana 18:18 ta ce ƙuri'a tana kashe gardama.

Batun Matiyas ma yana da sharuɗɗan da ɗan'uwan ya tsallake. Sai da Bitrus ya bayyana cewa dole mutumin ya kasance yana tare da su tun daga baftismar Yahaya har zuwa ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama, aka tsayar da mutum biyu, aka yi addu'a, sannan aka jefa ƙuri'a. Ka kuma lura cewa bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki a Ayyukan Manzanni sura ta 2, ba a sake ambaton ikkilisiya ta yi haka ba: a sura ta 6 jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai, a sura ta 13 kuma da azumi da addu'a aka keɓe Barnaba da Shawulu. Wurin da ƙuri'a ta fi kama da abin da samarinmu suke yi shi ne gindin gicciye, inda sojoji suka jefa ta domin a ga wanda zai tafi da rigar Ubangiji, kamar yadda Yahaya 19:24 ta faɗa. Ba na cewa wannan aya doka ce a kan caca, amma ni dai ban taɓa karanta ta zuciyata ta zauna lafiya ba.

Malamin lissafi, Zariya:

Baba Fasto, na gode da wannan bayani, ina kuma neman izini in ƙara kaɗan daga fannina. Idan ƙungiyoyi biyu suna da ƙarfi daidai, kamfanin caca yakan sa wa kowace riba kamar 1.90. Mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowannensu a ɓangarori daban, an tara 2,000, wanda ya ci ya karɓi 1,900, kamfani ya riƙe 100 ko wane ne ya yi nasara. Wato kuɗin da ɗan'uwanmu yake kira albarka ya fito ne daga aljihun wani da ya yi hasara, mai yiwuwa ma a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. Masu haɗa wasanni goma a takarda ɗaya kuwa, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin dukansu ɗaya ce cikin 1,024.

Wasu sukan fake da cewa doka ta yarda. Gaskiya ne cewa a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne suke da hurumin tsara harkar caca a yankunansu, kuma jihohi da dama sun ba kamfanoni lasisi. Amma Bulus ya riga ya amsa wannan a 1 Korintiyawa 6:12, inda ya raba abin da aka halatta da abin da yake da amfani, ya kuma ce ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. A tambayi ɗan'uwan ko zai iya yin wata uku bai buɗe manhajar ba.

Uwar zumunta, Kaltungo:

'Ya'yana, na yarda da abin da Baba Fasto da Malam suka faɗa, amma akwai laifin da yake namu ne mu manya. Mun zauna muna sauraron wa'azin da ke cewa ka shuka iri na dubu goma ka girbe miliyan kafin ƙarshen wata, muka ce amin, alhali 1 Timoti 6:5 ta yi kashedi a kan masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Yaron da ya tashi yana jin haka daga bagadi, yaya zai gane bambanci idan waya ta yi masa irin wannan alkawari? Ɗan ƙanwata ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya shekara uku babu aiki, a ƙarshe ya cinye kuɗin adashin mahaifiyarsa a caca, kunya kuma ta hana shi zuwa sujada har wata shida. Da aka yi maganar a sa shi a horo, na roƙi dattawa su fara da Galatiyawa 6:1, su maido shi da tawali'u. Wani dattijo mai shagon walda ne ya ɗauke shi koyon aiki, yana biyan bashin uwar tasa kaɗan kaɗan. Karin Magana 13:11 ta ce mai tarawa da kaɗan kaɗan dukiyarsa za ta ƙaru, amma sai an ba yaro abin da zai fara tarawa da shi.

Shugaban matasa, Kafanchan:

Baba, Mama, da Malam, Allah ya sāka muku. Zan nemi ɗan'uwan mu zauna mu biyu kafin in kawo maganar gaban zumunta, mu karanta Ayyukan Manzanni sura ta 1 daga aya ta 15 har ƙarshe. Batun zakkar da yake fitarwa daga kuɗin caca kuwa ya fi ƙarfina, don haka zan kai shi gaban dattawan ikkilisiya a zamansu na wata mai zuwa, ba tare da na ambaci sunansa ba.