Zomayen yarana sun mutu cikin kwana huɗu: wa ya taɓa yi wa nasa allurar rigakafi?

Mai buɗe zance, daga Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako biyu ke nan da abin ya faru, har yau bai bar raina ba. Zomaye bakwai yarana suke da su a keji a saman gida, cikin inuwa, da fanka a kansu, kuma da su muka wuce zafin bara lafiya. Ranar wata Juma'a babansu ya sayo farar zomanya a kasuwar tsuntsaye, a daren muka zuba ta cikinsu. Ranar Talata da asuba autata ta hau kai musu barsim, ɗanyar ciyawar da muke ba su, ta sauko tana kuka ta kasa magana. Biyu sun sandare, ɗaya da ɗan jini a hanci kamar wanda ya yi haɓo. Wallahi da daddare da hannuna na ba su abinci suka cinye. Kafin Asabar saura guda ɗaya tak. Maƙwabta wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce kambun baka. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini, kuma wai da gaske ana yi wa zomo rigakafi?

Daga Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da kika faɗa kamar kina ba da labarina ne. Na daɗe ina kiwonsu a istiraha, wato gidan shaƙatawa na bayan gari, shekarar da ta faɗo mini sama da talatin na binne. Kwana uku ina zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, kuɗi na tafiya, su ma suna tafiya. Da na gaji na ɗauki gawa ɗaya na kai wa baiɗari, wato likitan dabbobi, ya farka cikin a gabana. Hantar ta koɗe, yana taɓa ta da almakashi tana rugurgujewa, huhun kuma duk ɗigon jini. Ya ce wannan ita ce cutar zubar jini ta zomaye, bairos ne ke kawo ta, a ƙasar Sin aka fara ganinta a 1984, kuma in ta shiga babu maganin da ke warkar da ita. Hanta take ci. Shi ya sa zomo ke kwana lafiya ya wayi gari a mace, wani ma ko jinin ba za a gani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda take yawo. Ba sai zomo ya haɗu da zomo ba. Takalmi yana ɗauko ta, tufafi, ƙuda, ɗaurin ciyawa, tsohon kejin da aka saya hannu. Tana iya yin watanni a wuri ba ta mutu ba. Tun daga nan ba na tsallake allurar shekara, kuma baƙon zomo sai ya yi wata guda a ɗaki daban kafin ya ga sauran. Ki kwantar wa yara hankali, ba ta kama mutum.

Daga Madina:
Yaya, ka bar ni in ƙara wani abu, don ni na yi allurar kuma duk da haka na yi asara. Manyan nawa huɗu an yi musu, sai ga 'ya'yan da ba su kai wata ɗaya ba suna faɗuwa, daga baya uwa ɗaya ta bi su. Na koma wurin likitan raina a ɓace. Shi ne ya zaunar da ni ya ce cutar iri biyu ce. Akwai ta farko, wadda galibi ba ta kashe 'yan ƙananan, akwai kuma ta biyu da ta ɓulla a Faransa a 2010, ita ba ta barin ko jarirai, kuma tsohuwar allurar ba ta tare ta yadda ya kamata. Ni ban san in tambaya ba. Hajiya in kin je kar ki ji nauyi, ki ce ya nuna miki kwalbar, ki duba ko an rubuta RHDV2, sunan nau'i na biyun ke nan.

Daga Riyad:
Ina taimaka wa wani likitan dabbobi da yamma bayan karatu, to ga abin da nake gani. Alluran ba ɗaya ba ne. Filavac tana tare iri biyun, ana fara ta daga mako 10. Eravac ta nau'i na biyu ce, daga kwana 30. Nobivac Myxo-RHD Plus daga mako 5, ita ta haɗa har da wata cutar da sauro da ƙuma ke yaɗawa, mai kumbura wa zomo ido da fuska, amma sai bayan mako 3 take fara kare shi, biyun farko kuwa kamar mako ɗaya. Ba kowane asibiti ke ajiye su ba, a buga waya kafin a ɗauko dabba cikin ranar nan. Ƙarƙashin fatar wuya ake yi, ko minti ɗaya ba a ɗauka, wani lokaci wurin ya ɗan yi ƙulli ya baje da kansa.

Roƙona ɗaya, iyayena, shi ne maganar sanyi. Allurar tana son firij, tsakanin maki 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Na ga mutumin da ya sayo kwalba ya ajiye ta a gaban mota ya shiga sallar la'asar, ya zo yana so a yi da ita. Likita ya ƙi, suka yi ta ja-in-ja, amma gaskiyarsa ce, ta riga ta lalace. Kuma ba a yi wa zomon da ya riga ya kwanta.

Wani dattijo, daga Makka:
Mu da muka tashi a gida ba mu taɓa jin an yi wa zomo allura ba, shanu da kaji muka sani. Sai a 2020 da cutar ta shiga Nijeriya ɗan ƙanena ya bugo mini yana cewa akurkinsa ya zama kango. 'Yata, ki yi abin da yaran nan suka ce.

Daga Jidda, wata 'yar'uwa:
Kar dai a ɗora wa cutar komai. Nawa biyu zafi ne ya kashe su ranar da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya muna unguwa. Amma su na same su a miƙe suna haki, kunnuwa zau, baki jiƙe. Na Hajiya da suka bi juna kwana huɗu bayan shigowar baƙuwa, wannan kam ba zafi ba ne.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode. Jiya muka je wurin baiɗari. Ya ce wanda ya tsira zai iya yaɗa cutar na tsawon makonni, don haka ya zauna shi kaɗai, kada mu kawo wani yanzu. Kwanukan da kejin ƙarfen na kankare su, na jiƙa da bilic na Clorox, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, na bar su minti goma kafin in ɗauraye. Katakon da ragowar barsim mun fitar da su gaba ɗaya. Autar tawa ita ta riƙe bokiti.

Sai dai ya ce babbar kwalba ce a wurinsa, in an huda ta 'yan sa'o'i kaɗan take yi, ba zai buɗe don zomo ɗaya ko biyu ba. Masu zomaye a wajen Shari'ul Mansur da Rusaifa, kowa ya rubuto yawan nasa da shekarunsu, mu haɗu mu kira shi rana ɗaya. Kowa ya bar nasa a gidansa, likitan ne zai zaga, kuma gidanmu zai zo a ƙarshe. Zuwa yanzu gida uku sun yi magana, zomaye goma sha ɗaya.