Abin da aka tattauna kan shirya tattabaru don tseren nesa

Salam 'yan uwa, maganar ta yi tsawo shi ya sa na ɗan haɗa abin da aka faɗa.

1. Atisaye: kusan kowa ya yarda a fara sakinsu daga kilomita 5 ko 10, a riƙa ƙara nisa a hankali, kuma kafin nan su saba shawagi a kan gida safe da yamma. Da sassafe ake saki kafin rana ta yi zafi.

2. Abinci, nan aka fi daɗewa. Tsere mai nisa irin na birnin Basalona a ƙasar Sifaniya da 'yan Beljiyam ke shiga, wanda ya kai kilomita 1000, da kitsen jiki tsuntsu ke tashi, don haka kwanaki kaɗan kafin a sa su kwandon da ake kai su wurin saki a ƙara masara da gyaɗa, wasu suka ce gyaɗar kar ta yi yawa tattabara za ta yi nauyi, ka shafa ƙirjinta, in naman ya cika kuma ba ta da nauyi a hannu to ta shirya.

3. Rigakafi kowa ya yarda. Ciwon maƙogwaro mai farin abu a baki kuwa an rabu, wasu na ba da magani kafin kowane tsere, wasu sun ce sai an ga alama. Ni dai na biyun na fi yarda da shi.

4. Raba namiji da matarsa don ɗoki ya dawo da shi da sauri, wasu sun ce wadda ke kwance kan ƙwai ta fi juriya a nesa.

5. Mai sake gashin fiffike a bar ta gida.